Aure da Bizar Aiki a Amurka: Tambayar da Ake Yi a Bakin Iyaka

Ikkilisiyoyinmu da yawa, daga Jos zuwa Kaduna, daga Gombe zuwa Yola, suna da 'ya'ya da ke aiki a Amurka. Akwai likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi, malaman jami'a, har da fastocin da aka gayyata hidima. Da dama cikinsu sun tafi ne da bizar aiki ta ɗan lokaci. Suna can Allah yakan haɗa su da abokin zama, wani lokaci haifaffen ƙasar, wani lokaci ɗan Nijeriya da ya riga ya zama ɗan ƙasa. Da labari ya iso gida sai murna ta kaure, a ce ai takarda ta samu. Daga nan iyaye su fara cewa lalle a zo gida a ɗaura auren a majami'a, dangi su gani, dattawa su sa albarka.

Burin iyaye mai kyau ne. Amma tafiyar nan ta zuwa gida da komawa tana iya raba sababbin ma'aurata na shekaru idan ba a san dokar ba. Auren ɗan ƙasa ba ya soke bizar aiki, ba ya kuma mai da mutum ɗan Amurka. Abin da yake canzawa shi ne yadda jami'in iyaka zai kalli niyyar mai shigowa. Wanda ya gane wannan zai san lokacin tafiya da lokacin zama, zai kuma gane dalilin da ya sa faɗin gaskiya ya fi kowace dabara.

Biza daban, izinin zama daban

Hukumomi uku ne ke da hannu a wannan sha'ani. Ma'aikatar harkokin waje ce ke manna biza a fasfo, ta hannun ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Bizar nan izini ce ta zuwa bakin ƙofa a nemi shiga. Wanda ke buɗe ƙofar shi ne jami'in hukumar kwastan da tsaron iyaka, wadda ake kira CBP, a filin jirgin sama ko a iyakar ƙasa. Idan ya yarda, sai a rubuta wa mutum wata shaida mai suna I-94, wadda ke nuna matsayin da ya shiga da shi da wa'adin zamansa. Hukuma ta uku, USCIS, ita ke duba takardun waɗanda suke cikin ƙasar, kamar ƙarin wa'adi ko neman zama na dindindin.

Saboda haka biza na iya ƙarewa mutum yana zaune bisa doka, muddin wa'adin I-94 ɗinsa bai cika ba. Amma da zarar ya fita daga ƙasar, komawarsa sabuwar shiga ce. Za a sake auna shi daga farko, ko da ya yi shekara biyar yana shiga yana fita ba wanda ya tare shi.

Niyya ce doka ke aunawa

Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 tana da wani sashe mai lamba 214(b). Abin da yake nufi shi ne, duk baƙon da ya nemi biza ko ya zo iyaka ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne gaba ɗaya, har sai ya gamsar da jami'i cewa zuwan ɗan lokaci ya yi. Nauyin kawo hujja yana kan baƙo. Wannan sashe ne ake miƙa wa 'yan'uwanmu da yawa a takarda idan an hana su biza a Abuja ko Legas.

Yanzu ku duba abin da aure ke yi. Wanda ya auri 'yar ƙasa, ko wadda ta auri ɗan ƙasa, ya shiga rukunin dangi na kusa, waɗanda ba su bin dogon layin jiran girin kad, wato katin zama na dindindin. Jami'in iyaka ya san haka. Idan mutum ya tsaya gabansa yana cewa aikin ɗan lokaci ya zo yi, alhali matarsa da gidansa suna cikin ƙasar, dole jami'in ya tambayi kansa ko wannan mutum zai koma. Ba laifi ba ne auren. Amma ya zama hujja mai nauyi a kan niyya. Yadda nauyin zai kasance kuwa ya danganta da irin bizar da mutum ke riƙe da ita.

Ba duk bizar aiki ce iri ɗaya ba

Akwai bizojin da doka ta yarda mai su ya riƙe niyya biyu a lokaci guda: ya yi aikinsa na ɗan lokaci, yana kuma neman zama na dindindin. Dokar 1990 ce ta tabbatar da wannan ga bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata, da bizar L-1 ta ma'aikacin da kamfaninsa ya tura reshensa na Amurka. H-1B ana ba da ita shekara 3, a iya ƙarawa zuwa 6. Mai irin waɗannan bizoji zai iya faɗa wa jami'i kai tsaye cewa ya yi aure, matarsa ma ta shigar masa da takardu, wannan kaɗai ba zai sa a hana shi shiga ba. Abin da za a duba shi ne ko bizarsa na da rai, ko kuma har yanzu yana aikin da aka amince masa.

Akwai kuma waɗanda ba a yarda musu da niyya biyu ba. Cikinsu akwai H-2A ta aikin gona, H-2B ta ayyukan da ake yi lokaci-lokaci, J-1 ta musayar ilimi da horo, da F-1 ta ɗalibai, har da ɗalibin da ya gama karatu yake aikin samun ƙwarewa. Duk waɗannan ana bukatar su kasance da gida a ƙasarsu wanda ba su da niyyar barinsa. Haka ma TN, matsayin aiki da yarjejeniyar kasuwanci ta 1994 ta buɗe wa 'yan Kanada da Meziko, wadda sabuwar yarjejeniya ta maye gurbinta a 2020. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu da suka zama 'yan Kanada. Ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Windsor tana tsallaka iyaka kullum zuwa asibiti a Detroit, kowace safiya tana gaban jami'i ne. Ranar da aka ga alamar ta yi shirin tarewa a Amurka gaba ɗaya, ana iya juyo da ita, aikin kuma ya tsaya nan take.

Bizar R-1 ta ma'aikatan addini, wadda fastocinmu ke tafiya da ita, tana tsakiya. Ana ba da ita har zuwa wata 30, a iya ƙarawa jimilla ta kai shekara 5. Ana so fasto ya riƙe niyyar fita idan wa'adinsa ya cika, amma ba a hana shi shiga don kawai ikkilisiyar da yake wa hidima ta nema masa zama na dindindin. Wannan sassauci bai kai na H-1B ba, kamar yadda za mu gani a batun tafiya.

Likitoci su lura da wani abu na musamman. Wanda ya je samun horon ƙwarewa a asibiti da bizar J-1 yana ƙarƙashin sharaɗin komawa ƙasarsa ya zauna shekara 2 kafin ya iya samun girin kad ko H-1B. Aure ba ya ɗauke wannan sharaɗi. Sai dai a nemi afuwa ta hanyoyin da doka ta tsara, kamar shirin da ke bai wa kowace jiha damar neman afuwa ga likitoci 30 a shekara, idan za su yi aikin shekara 3 a yankunan da ke fama da ƙarancin likitoci.

Abin da ke faruwa a bakin iyaka

Tambayoyin jami'i gajeru ne. Me ka zo yi? Ina kake aiki? Ina za ka zauna? Da wa? Kana da aure? Idan bai gamsu ba, sai ya tura mutum ɗaki na biyu don ƙarin bincike. A can ana iya buɗe kaya, ana iya duba waya. Hotunan biki a Facebook da saƙonnin WhatsApp duk suna iya zama shaida.

Idan aka ga mutum bai cancanci shiga da wannan bizar ba, abu biyu na iya faruwa. Jami'i na iya ba shi damar janye neman shigarsa ya koma da kansa. Yawanci akan soke bizar, amma ba a sa masa wa'adin hani. Ko kuma a yi masa korar gaggawa, wadda dokar 1996 ta ba jami'an iyaka ikon yi ba tare da an kai mutum gaban alƙali ba. Wanda aka yi wa wannan ba zai shiga ba har shekara 5.

Akwai abin da ya fi waɗannan muni. Wanda aka kama da gangan ya yi ƙarya a kan wani muhimmin abu don ya samu biza ko shiga, hanin da ke kansa na har abada ne. Akwai hanyar neman afuwa, amma sai an tabbatar cewa miji ko mata ko iyayen da suke 'yan ƙasa ko masu girin kad za su shiga matsanancin wahala, kuma ba dole ba ne a bayar. Ku auna abin nan da kyau. Mace mai bizar H-2B da ta faɗi gaskiya aka juyo da ita ta yi asarar tikiti da aiki, amma mijinta zai iya nema mata bizar aure ta bi hanya madaidaiciya. Wadda ta cire zobe ta ce ba ta da aure aka gano, ta rufe wa kanta har ita hanya madaidaiciyar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wasu sun ji labarin ƙa'idar kwana 90, sun kuma fahimce ta a karkace. Tun watan Satumba 2017 ma'aikatar harkokin waje ta umarci jami'anta cewa, idan mai bizar da ba ta yarda da niyyar zama ba ya auri ɗan ƙasa ya kuma tare cikin kwana 90 da shigarsa, a ɗauka ya ɓoye niyyarsa ne tun farko, sai ya kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne. Wannan ba ya nufin wanda ya jira kwana 91 ya tsira. Tambayar tana nan yadda take: me ke zuciyarka ranar da ka shiga? Wanda ya shiga da niyyar aiki tsakani da Allah, daga baya al'amura suka canza, bai yi ƙarya ba. Wanda ya shirya komai tun daga gida yana ƙirga kwanaki, ya yi.

Bayan an shigar da takardu

Hanya biyu ce zuwa girin kad ta aure. Duka biyun suna farawa da fom I-130, wanda ɗan ƙasar ke cikawa don tabbatar da auren. Idan baƙon yana cikin Amurka kuma ta ƙofa ya shiga, yana iya haɗawa da fom I-485 don a canza matsayinsa ba tare da ya fita ba. Idan yana waje, sai a bi ta ofishin jakadanci. A Nijeriya ofishin Legas ne ke yin hirar bizar ƙaura.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Wanda ya shigar da I-485 ya kuma fita daga ƙasar ba tare da takardar izinin dawowa ba, wadda ake nema da fom I-131, ana ɗauka ya yi watsi da neman nasa. Masu H-1B da L-1 an keɓe su, idan bizarsu na da rai kuma wurin aikinsu na dā za su koma. Mai TN, mai F-1, da fasto mai R-1 ba su cikin waɗanda aka keɓe. Idan suka fita ba izinin nan, takardunsu sun mutu, komawa da tsohuwar bizar kuma ta yi wuya, tunda sun riga sun bayyana a rubuce cewa zama suke so.

Wanda kuma wa'adinsa ya wuce yana ciki, ya ƙara hattara. Idan zaman da ba na doka ba ya haura kwana 180 sannan ya fita, hanin shekara 3 ya hau kansa. Idan ya kai shekara guda, hanin shekara 10 ne. Fitar ce ke tayar da hanin.

Dokokin da suka shafi 'yan Nijeriya kuma suna canzawa. A farkon 2020 an dakatar da ba su bizar ƙaura, aka ɗage a Janairu 2021. Daga 8 ga Yuli 2025 yawancin bizojin ɗan lokaci da ake ba su sun koma na shiga sau ɗaya, masu rai na wata 3. Ke nan wanda ya zo gida biki zai iya samun kansa yana neman sabuwar biza, yana cika fom DS-160 mai tambayar ko yana da aure da ko yana da dangi a Amurka. A Disamba 2025 kuma aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita ba su bizar ƙaura, ta baƙunci, ta karatu da ta J, daga 1 ga Janairu 2026. Don haka kada kowa ya sayi tikiti bisa labarin wanda ya yi tafiya shekara biyu da suka wuce.

Auren da aka yi a gida

Amurka tana amincewa da auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi, har da na gargajiya. Wannan yana da fuska biyu. Idan dangi suka kai sadaki aka ɗaura auren al'ada, mutum ba zai rubuta a fom cewa shi gwauro ne don kawai ba a je rajista ba. A ɗaya ɓangaren, auren da aka ɗaura ango ko amarya ba ya wurin, dokar shige da fice ba ta ƙirga shi sai ma'auratan sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin.

Wanda ke da aure a baya, dole a nuna cewa auren ya ƙare bisa doka. A Nijeriya, auren da aka yi a rajista ko a majami'a mai lasisi babbar kotu ce kaɗai ke iya raba shi, bisa dokar 1970. Takardar da aka sayo a bayan fage ba ta raba aure a gaban kotu, balle a gaban Allah.

Auren takarda

Dole mu faɗi wannan a fili, domin yana faruwa a tsakaninmu. Mutum ya bar mata da 'ya'ya a gida, ya biya wata a can su yi auren suna, da alkawarin cewa in takarda ta fito zai sake ta ya ɗauko iyalinsa. Wani lokaci har da sanin uwargida, har a kawo batun wurin addu'a.

Tun 1986 Amurka ta yi doka a kan haka. Hukuncin yana kai ɗaurin shekara 5, ko tarar dala 250,000, ko duka biyun, kuma ya shafi ɗan ƙasar ma. Wanda aka tabbatar ya yi auren bogi, ba za a sake amincewa da takardar neman zama da wani ya shigar masa ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Idan aure bai kai shekara 2 ba lokacin da aka ba da girin kad, kati mai sharaɗi ake bayarwa na shekara 2, sannan ma'auratan su sake kawo shaidar zamansu tare da fom I-751. Ɗan ƙasar kuma yana sa hannu a fom I-864, alkawarin ɗaukar nauyi wanda ko saki ba ya warware shi.

Ko da babu wannan hukunci, Ibraniyawa 13:4 ta umarce mu mu girmama aure. Wanda ya tsaya ya yi alkawarin aure yana sane cewa ba ya nufinsa, ya ɗauki abin da Allah ya kafa ya mai da shi tikitin jirgi.

Ibrahim a bakin Masar

Ɓoye aure a bakin iyaka ba sabon abu ba ne. A Farawa sura 12, yunwa ta kori Ibrahim zuwa Masar. Da suka kusa shiga, tsoro ya kama shi, ya roƙi Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Dabarar ta yi aiki da farko, har ya samu tumaki da shanu da bayi. Amma an ɗauke matarsa zuwa gidan Fir'auna, annoba ta sauka a gidan, daga ƙarshe sarkin da bai san Allah ba ya tsawata wa mutumin Allah, ya sa aka raka shi waje. Ibrahim ya maimaita haka a Gerar a sura 20, ɗansa Ishaku kuma ya yi wa Rifkatu irin wannan a sura 26.

Ku lura da abu uku. Bukatar Ibrahim ta gaskiya ce, yunwa ba wasa ba. Maganarsa kuma rabin gaskiya ce, domin Saratu 'yar mahaifinsa ce. Duk da haka wadda ta shiga haɗari ita ce matar da ya kamata ya kāre, ɗansa kuma ya gaji halin. Abin da ya cece su ba wayonsu ba ne, jinƙan Allah ne.

Wannan ba ya nufin mai bi ya ƙi neman haƙƙinsa. A Ayyukan Manzanni sura 22, Bulus ya yi amfani da zamansa ɗan ƙasar Roma ya hana a yi masa bulala. Neman girin kad ta auren gaskiya halal ne. Ɗaukar lauya halal ne. Jinkirta tafiya har takarda ta fito hikima ce. Amsa abin da aka tambaya kaɗai, a taƙaice, ba ƙarya ba ce. Iyakar ita ce kada i ta zama a'a, kamar yadda Ubangiji ya koyar a Matiyu 5:37.

Abin da ya rage gare mu

Ga mai shirin aure: ka san sunan bizarka da ranar da ke kan I-94 ɗinka. Kafin a sa ranar biki, ka ga lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka, ba dillalin biza ba. Ka riƙa tafiya da takardar amincewar aikinka da shaidar albashi. Kada ka sa hannu a wata takarda a bakin iyaka sai ka karanta ka gane.

Ga iyaye: idan ɗanku ko 'yarku suka ce ba za su iya zuwa gida bana ba, kada ku ɗauka raini ne ko surukin ne ya hana. Ana iya ɗaura aure a can, a yi sujadar godiya a gida idan hanya ta buɗe. Haka ma in rasuwa ta faru takardu ba su fito ba, kada a ɗora musu laifi. Baƙin cikin da suke ciki ya ishe su.

Ga fastoci da dattawa: mu riƙa yin waɗannan tambayoyi a lokacin shawarar kafin aure. Kada mu rubuta wasiƙar shaida a kan abin da ba mu sani ba, kada mu canza kwanan wata a takardar aure don taimakon kowa. Mu kuma sanar da 'ya'yanmu cewa wanda ake zalunta a gidan aure ana yi masa barazana da takarda ba a ɗaure yake ba. Dokar 1994 ta ba wanda abokin aurensa ɗan ƙasa ke cin zarafinsa, mace ko namiji, damar neman zama da kansa ba tare da sa hannun mai zaluntar ba.

Gaskiya tana iya jawo jinkiri, tana iya sa miji da mata su yi watanni a rabe. Idan haka ta faru da wani a cikinmu, aikin ikkilisiya ne ta tsaya tare da shi da addu'a, da ziyara, da taimako. Ubangiji ya kiyaye fitar 'ya'yanmu da shigarsu, ya ba su zuciyar faɗin gaskiya a gaban kowane jami'i. Amin.